Zaman Dole Ba Hutu Ba Ne

Karatu: Fitowa 34:21, Markus 2:23-28

Bayan sujadar tsakiyar mako, wani magidanci a ikkilisiyarmu, manomin masara, ya tsaya har kowa ya watse, sa'an nan ya ce mini, "Baba Fasto, damina huɗu na yi ban taka gonata ba saboda mutanen daji. Ashe ban riga na biya bashin ranakun hutu ba? Bana zan riƙa shiga gona har da Lahadi, domin in mai da abin da na rasa."

Ban yi gaggawar tsawata masa ba. Duk wanda ya zauna a ƙasar Birnin Gwari ya san shekarun da gonakin gefen dajin Kamuku suka koma saura, bin hanyar Kaduna kuma ya zama sayar da rai. Da aka yi sulhu, har Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu a watan Nuwamba na 2024, kowa ya zabura kamar wanda rana ta faɗi masa a hanya. Akwai bashi, ga kuɗin makaranta, rumbu kuma wayam.

Amma tambayar ɗan'uwan nan ta haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. A shekarun nan hannunsa bai riƙe fartanya ba, gaskiya ne, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba ko dare guda, kunnensa yana kan ƙarar babur. Wannan zaman dole ne, tsoro ne ya ɗora masa shi. Hutun da Allah ya umarta kuwa mutum ne yake ajiye aikin da yake da ikon yi, da yardar ransa, domin ya shaida cewa ba ƙarfinsa ne yake riƙe da gidansa ba. Maimaitawar Shari'a 5:15 ta ɗaura ranar hutu a kan fitowar Isra'ila daga bautar Masar, gama bawa ba shi da ikon cewa yau zan huta. Wanda tsoro ya hana shi aiki jiya, yau kuma tsoron talauci ya hana shi hutawa, har yanzu bai fita daga bauta ba.

Ubangiji ya san halin manomi. Shi ya sa a Fitowa 34:21 ya ambaci lokacin huɗa da lokacin girbi, wato daidai sa'ad da tsayawa ta fi wuya. A jeji ma, waɗanda suka ɓoye manna don gobe sun tarar da tsutsa a ciki, amma abin da aka tara a rana ta shida ya ishe su kwana biyu.

Dokar kuma ba ta mai gona kaɗai ba ce. Ta haɗa da 'ya'yansa, da barorinsa, da sa da jaki. Idan ka shiga gona ran Lahadi, ɗan ƙwadagonka da shanun huɗarka ma ka hana su hutawa.

Kada dai mu mai da ranar Ubangiji bulala. Yesu ya koya mana cewa domin mutum aka yi ta, ya kuma yarda a ciro tunkiya daga rami a cikinta. Akwai 'yan'uwan da sai da suka biya kuɗi kafin a bar su su kwashe amfaninsu, aka kuma yanka musu kwanaki. Wanda ya yi girbi ran Lahadi a irin wannan hali, ni ba zan hukunta shi ba. Sai dai kowa ya binciki zuciyarsa, ko larura ce take tura shi, ko kuwa rashin dogara.

Na ce wa ɗan'uwana ya tsara kwanakinsa shida: ya yi sammako, ya rage zaman shayi, ya nemi gayya in ciyawa ta fi ƙarfinsa. Shekarun da suka wuce kuwa, Lahadin damina ɗaya ba za su dawo da su ba. Wanda ya yi alkawarin mayar da abin da fara ta cinye, a Yowel 2:25, shi kaɗai ne mai iko a kansu.

Addu'a: Ya Uba, ka tabbatar da salama a ƙasarmu, ka ba mu ƙarfin aiki kwana shida, da bangaskiyar ajiye fartanya a ranarka. A cikin sunan Yesu, amin.