Tayar da Ke Shan Ruwan Teku

A jihar Fulorida ta Amurka, inda jiragen ruwan da aka yi wa rajista suka haura miliyan ɗaya a 2022, da yawa daga cikin ƙananan jiragen ba a ruwa suke kwana ba. A ƙofar gida suke kwana, a kan tirela mai taya biyu ko huɗu. Da asuba mai jirgi zai maƙala tirelar a bayan motarsa, ya hau babban titi ya sha tafiya, har ya iso wani gangaren siminti da ya sulale cikin teku. Nan zai juya ya riƙa yin baya sannu a hankali har tayoyin tirela su nutse, jirgi ya taso a kan ruwa, a kwance shi. Idon kowa yana kan jirgin. Amma a cikin mintocin nan biyu ko uku, akwai abin da ke faruwa a ƙarƙashin ruwa, a tsakiyar taya, wanda ya isa a tsaya a duba.

A tsakiyar tayar akwai cibiya, wadda makanikai ke kira hob. Kwanson ƙarfe ne mai rami. A cikinsa boris biyu ne, na ciki da na waje, kowanne da ƙananan ƙarafa masu mulmulawa da aka jera a zobe, suna juyawa a bakin sandar da ke ɗauke da tayoyi. Giris ya cika tsakaninsu. Ta gaba akwai murfi, ta baya kuma zoben roba, wato sil, mai siririn leɓe da ya rungumi sandar. Duk wurin da giris bai kai ba, iska ce a ciki.

Tayar tirela sau da yawa ta fi ta mota ƙanƙanta, don haka ta fi ta yawan juyi a tafiya guda. Boris ya yi ɗumi, birki ya ƙara masa nasa zafin, iskar ciki ta buɗe har wata ta sulale waje. A haka tayar za ta iso bakin teku, a cusa ta cikin ruwa mai sanyi. Nan take ƙarfe ya huce, iskar da ta rage ta tsuke, sai gurbi ya samu a ciki. Gurbin nan yana ja, yadda ƙahon wanzami ke jan fata da zarar an tsotse iskarsa. Leɓen sil kuwa yawanci ciki yake fuskanta, domin aikinsa na farko shi ne hana giris fita, bai shirya wa baƙon da zai zo ta baya ba. Ta nan ruwan gishiri ke shiga, 'yan ɗigo kaɗan a kowace tsomawa.

Abin mamakin shi ne ruwan da ke bakin gangare bai da zurfin da zai danna da wani ƙarfi. Tayar da ta huce kafin a tsoma ta takan shiga ta fita ba ta sha kusan komai ba. Teku ɗaya ne, roba ɗaya ce, zurfi ɗaya ne. Bambancin yana cikin hob ɗin: wannan ya zo da zafi, wancan ya zo a natse. Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu iya magana, kuma a nan ɗan garin shi ne gurbin da zafi ya bari bayan ya tafi.

Haka mutum yake a sa'o'in da zafinsa ke sauka. Wanda ya yi shekaru yana gudu a kan muƙami, wayarsa ba ta hutawa, ƙofarsa cike da jama'a, ranar da aka sauke shi gidan ya yi tsit, duk wanda ya fara zama kusa da shi zai sami kunnensa a buɗe. Matar da ta fito daga rigima da miji zuciya na tafasa, idan ta faɗa hannun mai zuga, maganar da a ranar lafiya za ta yi wa dariya ita ce za ta shige ta zauna. Yaron da ya bar garinsu da ɗoki ya sauka a babban birni, daren farko da kaɗaici ya kama shi, ba ya zaɓar wanda zai yi hira da shi. Mugun zance yana nan kullum yana kewaya mutane, sai dai ba kullum yake samun mai zuƙarsa ba. Akan ɗora wa wurin da mutum ya je laifi, a ce gari ne ya lalata shi, a manta da tambayar halin da yake ciki sa'ar da ya shiga.

Ɗigon da ya shiga hob ba ya nuna kansa da wuri. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma ruwa mai gishiri yana bai wa lantarki hanya, abin da ke hanzarta tsatsa ke nan. Giris zai sauya launi ya koma fari-fari, ya saki jiki. Fuskar boris da ke sheƙi za ta fara yin ƙananan ramuka. Makonni su wuce, wani lokaci watanni. Sai wata rana a kan titi, nesa da teku, a ji gurnani daga baya, hob ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, boris ya narke ya kama sanda, har taya kan fice ta yi nata wuri.

Masu jirgin da suka san aikin ba sa gaggawar shiga ruwa. In sun iso sai su tsaya gefe, su kwance igiyoyi, su loda kayan kamun kifi, su bar tayoyi su sha iska. Akwai kuma wani murfi da ake sa wa hob a madadin na asali, wanda aka fi sani da sunan Bearing Buddy. A cikinsa akwai faifai da sifirin a bayansa. Idan aka ɗura giris, faifan ya ja baya, sifirin ya riƙa danna giris ɗin ciki da ɗan matsi kaɗan. Da aka tsoma taya abin ciki ya tsuke, sifirin ya biyo shi ya cike wurin, gurbi bai samu ba balle ya ja ruwa. Hikimar mai sauƙi ce: abin da ke cike ba ya zuƙa. Sai dai ita ma cikar tana da iyaka. Wanda ya yi ta ɗura giris ba ƙaƙƙautawa zai ture sil ɗin baya, giris ya fantsama kan birki, ya buɗe wa ruwa ƙofar da ta fi ta da faɗi.

Birki kuma labarinsa daban ne, domin shi ba a iya toshe shi kamar hob. Dokar Fulorida ta wajabta birki ga tirelar da nauyinta da kayanta ya wuce kimanin kilo 1,360, don haka dole ya shiga teku tare da taya. Ɓarnarsa ba a cikin ruwa take yawa ba. Bayan an sauke jirgi, ana fito da tirela a ajiye ta a fili, mai ita ya tafi kamun kifi yini guda. Rana ta busar da ruwan, gishiri ya zauna a kowane lungu, ga iska ta wadata, ita ce kuwa abincin tsatsa. Kuma busasshen gishiri bai mutu ba. Gishirin girki yakan fara jan laima daga iska idan danshinta ya kai kusan kashi 75 cikin ɗari, shi ya sa yake jiƙewa a kwano da damina. Na teku yana haɗe da wasu gishirin da ke jan laima tun danshi bai kai rabin haka ba. Kowane dare raɓar bakin teku za ta tashe shi ya ci gaba da aiki. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, tana kumbura, har fistin ɗin birki ya maƙale, ko dai ya ƙi kamawa ko ya ƙi saki.

A nan birki mai ganga, wanda kayansa ke ɓoye cikin kwanon ƙarfe, ya fi shan wahala. Ruwa ya shiga ya kwanta a ƙasansa, sifirin da sauran ƙananan ƙarafa su jiƙu a duhu, mesa ba ta isa gare su sai an haɗa masa bututun wanki na musamman. Birki mai faifai kuwa a fili yake: ruwa ya shiga ya zube, ido na ganinsa, mesa na kai masa. Wanda aka rufe don a kare shi, shi ne ya fi ruɓewa. Ko ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa, iska yake buƙata kafin ya yi wa kansa siririyar fatar da ke kare shi, kuma a ƙarƙashin noti ko cikin tsaga, inda iska ba ta kai ba, gishiri yana huda shi. Mutumin da al'amarinsa ke a fili, in ya kwaso datti wani zai gani ya gaya masa tun yana ɗanye. Mai ƙunshe komai yakan yi shekaru da abin da ya kwaso a rana ɗaya, yana zaton ya bushe, alhali kowane dare yana tashi.

Jikin tirelar akan tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, irin rufin da ke jikin kwanon rufi. Ko an ƙarce wurin, tutiyar da ke gefe ita ke fara cinyewa ta bar ƙarfen. Amma ita ma ƙarewa take, kuma gishirin da aka bari a kanta yana gaggauta ƙarewar.

Don haka masu kula sukan wanke tirela da ruwan daɗi tun a bakin gangare in akwai famfo, su sake wankewa da sun isa gida, su cusa mesa ta bayan taya inda birki yake. Sai su ɗan ja ta suna taka birki don ɗumin ya busar da faifai. A hanya, duk inda suka tsaya shan mai, sukan zagaya su kai hannu kusa da kowane hob, su ji ko wani ya fi 'yan'uwansa zafi. Sau ɗaya a shekara kuma a ɗaga tirela a jak, a cire tayoyi, a wanke boris tas a duba fuskarsa a haske, a cusa sabon giris irin wanda ruwa ba ya wankewa, a sa sabon sil mai leɓe biyu, domin wanda aka ciro ba a mayar da shi.