Kifewa Ba Nutsewa Ba Ce

Idan damina ta kankama a ƙasar Magariya da Dungas, tabkunan kwarin Korama kan cika, masunta su fito da gorunansu da kwalekwale. Duk wanda ya san ruwa ya san wata ƙa'ida mai wuyar bi: in jirgi ya kife, ba a rabuwa da shi. Jirgin katako ko ya cika da ruwa yakan ci gaba da yawo a sama, ita kuwa gaɓa ido ne ke kawo ta kusa, hannu ya gaji bai kai ba. Amma zuciyar wanda ya firgita gudu take umurtarsa da yi.

A ƙasashen bakin teku akwai wani ɗan jirgi mai tafiya da iska, Optimist, wanda Clark Mills ya ƙera a Amurka a 1947 domin yara. Tun farkon koyo malami kan sa yaro ya kifar da shi da gangan, ya danna allon da ke ƙarƙashinsa har jirgin ya miƙe. Sai kuma babban aiki, wato komawa ciki. Mai hawa ta gefe da gaggawa yakan sake jawo jirgin kansa. Ta baya ake hawa, a ɗora ƙirji, a ja ciki, sannan a kwashe ruwan da ya shiga.

A nan tambayar take: wanda jarinsa ya karye, ko aurensa ya girgiza, ko ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, ya dace ya juya wa abin baya ne, ko ya koma masa? Sau da yawa kunya ce ke kora mutum, ba asara ba. Ya fi son ya ɓace daga gari da a gan shi yana rarrafe. Alhali ba wanda ya taɓa komawa cikin jirgi a tsaye. Sai ya yarda a ga jiƙewarsa, ya karɓi hannun da aka miƙo masa.

Wani zai ce ai akwai jirgin da ya tsage, wanda riƙe shi halaka ce. Gaskiya ne. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Hankali shi ne rarrabe abin da ya kife da abin da ya nutse, kuma ba a cikin firgici ake koyon wannan ba.

Saboda haka nauyin yana wuyan malamai da iyaye. Makarantar da ke yabon na ɗaya kawai, tana yi wa na ƙarshe ba'a, tuƙi kaɗai ta koyar. Ranar da iska ta juya, yaron da bai taɓa faɗuwa a gaban mai tausayinsa ba zai saki jirgi ya nufi gaɓar da ba zai kai ba.