Amanar Da Ba Ta Da Baki

Karatu: Karin Magana 12:10, Luka 12:6-7



A ƙasar Benezuwela, can Amurka ta Kudu, arziki ya durƙushe bayan faɗuwar farashin man fetur a 2014. Kuɗi ya rasa daraja, abinci da magani suka yi wuya. Zuwa 2023, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya mutum fiye da miliyan 7 da suka bar ƙasar. Da yawa sun nufi Kolombiya da Peru, waɗansu a mota, waɗansu a ƙafa. Mai gudun yunwa da 'ya'ya a hannu, ina zai sami kuɗin allurar rigakafi da takardar likitan dabbobi da zai ƙetare iyaka da karensa? Sai aka riƙa barin karnuka a titunan Karakas, babban birnin ƙasar. Karen da ya tashi a gida bai san neman abinci a bola ba. Yakan zauna a bakin ƙofa yana jiran wanda ba zai dawo ba.

Masu tausayi da ke riƙe da gidajen ceton dabbobi suka yi ta kwaso su, har gidajen suka cika maƙil. Masu taimaka musu da kuɗi su ma da yawa sun yi ƙaura. Har aka kai lokacin da buhun abincin kare ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci tsada. Duk da haka ba su rufe ƙofa ba. Sukan dafa abin da ya samu, su raba, su nemi wanda zai karɓi kare ɗaya ya riƙe.

Wataƙila ka ce, “Fasto, ai kare ne kawai, mutane ma suna wahala.” Gaskiya ne, mutum ya fi dabba daraja, ba kuwa za mu shari'anta wanda yunwa ta kora daga gidansa ba. Amma Karin Magana ya koya mana cewa ana gane adali ta yadda yake lura da ran dabbarsa. Sa'ad da Allah ya ba da hutun Asabar, ya sa sa da jaki a ciki. Yesu kuma ya nuna cewa ko ɗan tsuntsun da ake sayarwa a banza, Uba bai manta da shi ba. Abin da Mahalicci yake tunawa da shi, kai wane ne da za ka yar?

Ɗan'uwa, duk ran da yake ci daga hannunka amana ne. Dabba ba ta da bakin kai ƙara, amma Mai ita yana gani. Idan tafiya ta kama ka, ko ci-rani ko canjin wurin aiki, kada ka ɗaure kaya sai ka san hannun da za ka bar karenka ko jakinka. Nemi maƙwabci ko ɗan'uwa a ikkilisiya, ka bar masa hatsi ko ɗan kuɗi. In kuma kai ne aka roƙa, karɓa saboda Ubangiji.

Ka kuma tambayi kanka: in Allah ya damu da dabbar da aka bari a baya, yaya tsohuwar da ta haife ka, wadda take jiran saƙonka wata da watanni?

Addu'a: Ya Uba, kai da ba ka yashe mu ba, ka ba mu zuciyar riƙon amana. Ka ƙarfafa masu kula da halittunka da aka watsar, ka kuma kiyaye dukan waɗanda wahala ta raba da gidajensu. A cikin sunan Yesu, Amin.