Sa'ad da Ƙasa Ta Sauke Tuta: Hakkin Mai Bi a Ranar Jana'izar Tsohon Shugaba



Watan Nuwamba wata ne da Uwarmu Ikilisiya ta keɓe domin tunawa da matattu. A cikinsa muke kai sunayen iyayenmu da 'ya'yanmu gaban bagadi, muna ziyarar kaburbura, muna roƙon jinƙai. Akwai kuwa wasu matattu waɗanda ba danginmu ba ne, amma mutuwarsu tana shiga kowane gida ta akwatin rediyo da talabijin, wato tsofaffin shugabannin ƙasa. Sa'ad da ɗayansu ya rasu, gwamnati takan sauke tuta, ta ba da hutu, ta ce kowa ya yi makoki. A nan ne mai bi yakan tsaya yana tambaya: mene ne hakkina a kan wannan mutum? In na sha wuya a zamaninsa fa? In ba addininmu ɗaya ba fa? Tambayoyi ne na gaskiya, sun kuwa cancanci amsa.

Bari mu fara da abin da idanunmu suka gani. Ranar 13 ga Yuli, 2025, tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a birnin Landan yana da shekara 82. Aka sauke tutoci na kwana 7. Ranar 15 ga wata jirgin sama ya sauka da gawarsa a Katsina, an lulluɓe ta da tutar ƙasa, shugaba Bola Tinubu ya tarye ta, sojoji suka yi faretin bankwana, sa'an nan aka binne shi a gidansa a Daura. Masu dogon tunani sun tuna da wani abu a ranar. A ƙarshen Disamba, 1983, juyin mulkin da ya kawo Buhari kan karaga shi ne ya tumɓuke Alhaji Shehu Shagari. Da Shagari ya rasu ranar 28 ga Disamba, 2018, Buhari ɗin nan ne, yana shugaban farar hula, ya ba da umarni a sauke tuta dominsa. Ba a cika shekara 7 ba, aka sauke tutar nan saboda shi kansa. Hausawa sun ce sarki goma, zamani goma. Sun kuma ce mutuwa rigar kowa.

Girmamawar da ƙasa take yi ba laifi ba ce. Kujerar mulki amana ce ta jama'a, wanda ya taɓa riƙe ta kuwa ya ɗauki nauyin miliyoyin rayuka. Manzo Bulus ya koya wa Romawa su ba hukuma girman da ya kamace ta, ya kuma gargaɗi Timoti a riƙa yin addu'a domin sarakuna da dukan masu iko. Saboda haka Katolika ba ya raina makokin ƙasa. Amma dole ne ya san iyakar abin da jana'izar ƙasa take iya faɗa.

Ku dubi yadda duniya take rabon darajarta. Dokta Nnamdi Azikiwe ya rasu ranar 11 ga Mayu, 1996, aka yi wata 6 ana shiri kafin a binne shi a Onica ranar 16 ga Nuwamba, cikin babban taro. Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, amma a Dakar ya rasu a 1989, a can kuma aka binne shi, nesa da ƙasar da ya shugabanta. Mobutu ya riƙe Zayar shekara 32, ana rawa ana waƙa da sunansa. A watan Satumba, 1997, ya mutu yana gudun hijira a Rabat ta ƙasar Maroko, aka sa shi a kabari ba fareti, ba harbin bindiga. Sau da yawa abin da yake yanke girman jana'iza shi ne wanda yake kan mulki a ranar, da irin zaman da ke tsakaninsa da mamacin. Ma'auni irin wannan ba ya iya auna ran mutum.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan sarai. Littafin Tarihi na Biyu ya ba da labarin sarki Yehoram, wanda ya karkashe 'yan'uwansa, ya yi mulki shekara 8, ya mutu ba wanda ya yi baƙin ciki, aka kuma hana shi makabartar sarakuna. Ya ba da labarin Hezekiya, wanda dukan Yahuza ta girmama a ranar mutuwarsa. A nan hukuncin jama'a ya dace da halin mutanen. Amma Ubangijinmu ya nuna mana cewa ba kullum yake dacewa ba. A cikin misalin mai arziki da Li'azaru, a Luka sura 16, mai arzikin ne aka ambaci binne shi. Li'azaru kuwa ba a ce komai game da jana'izarsa ba, sai dai mala'iku ne suka ɗauke shi. Musa, wanda Isra'ila ta yi wa makoki kwana 30, ba wanda ya san kabarinsa. Sarkin sarakuna kansa an sauko da shi daga gicciye da gaggawa kafin Asabar ta shiga, aka sa shi a kabarin wani, masu rakiyarsa 'yan kaɗan ne.

Don haka Ikilisiya tana da nata harshe a gaban gawa. Bisa ga tsarin jana'izar Kirista, in an kawo akwatin gawa da tutar ƙasa ko alamar wata ƙungiya a kai, akan cire ta a ƙofar majami'a. A madadinta akan iya shimfiɗa farin mayafi, abin tunawa da rigar baftisma, mayafin da ake shimfiɗa wa manomi da katekis da minista ba bambanci. Ƙa'idar Misa kuma ta ce a yi gajeren wa'azi a kan Maganar Allah, kada a mai da shi jawabin yabon mamaci. Paparoma Fransis ma, a 2024, ya sauƙaƙa tsarin jana'izar paparoma, ya soke al'adar akwatuna 3 da ake sa ɗaya cikin ɗaya. Da ya rasu a watan Afrilu, 2025, sunansa kaɗai aka rubuta a kan kabarinsa. Abin da Ikilisiya take faɗa da waɗannan alamu shi ne: wanda yake kwance a nan mutum ne mai zunubi da ya tafi gaban Mahaliccinsa, abin da yake bukata a wurinmu kuwa addu'a ce.

Muna ba da gaskiya cewa kowane rai yana fuskantar shari'arsa nan da nan bayan mutuwa. A can ba mai magana da yawun gwamnati, ba lauya, ba jam'iyya. Littafin Hikima, a sura 6, ya yi wa masu mulki kashedi cewa ƙaramin mutum yana iya samun sassauci, amma masu iko za a bincike su da tsanani, gama daga wurin Allah suka karɓi ikon. Ku yi tunani a kan nauyin wannan. Sa hannun shugaba guda a kan takarda yana iya ciyar da gari, yana iya kuma hana shi abinci. Kai da kake ba da lissafin gida ɗaya kana rawar jiki. To, yaya wanda zai ba da lissafin ƙasa? In akwai wanda ya fi kowa bukatar a roƙa masa jinƙai, shi ne wanda ya taɓa riƙe mulki. Yahuza Makabi ya sami alamun gumaka a jikin sojojinsa da suka mutu, ya san sun yi laifi, duk da haka ya tara kuɗin azurfa 2,000 ya aika Urushalima a miƙa hadaya dominsu. Laifinsu ne ma ya sa ya yi haka.

Akwai ramuka 2 da mai bi zai kiyaye a ranar makokin ƙasa. Na fari shi ne fadanci. Da zarar babban mutum ya rasu, sai ka ji waɗanda jiya suke zaginsa yau suna cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Dokar Allah ta 8 ta hana shaidar zur, ba ta kuwa tsaya a bakin kabari ba. Wanda ya wanke mamaci daga laifin da kowa ya sani, ya sake cutar waɗanda laifin ya shafa, ya kuma koya wa shugabanni masu rai cewa komai suka yi, yabo yana jiransu a ƙarshe. Littafi Mai Tsarki yana ƙaunar Dawuda, amma bai ɓoye abin da ya yi wa Uriya ba. Ku dubi Juliyus Nyerere na Tanzaniya, Katolika mai yawan zuwa Misa, wanda ya sauka daga mulki da kansa a 1985. Da ya rasu ranar 14 ga Oktoba, 1999, dubban mutane suka yi kuka a Darussalam, aka kai shi ƙauyensu Butiyama aka binne. Ikilisiya ba ta kira shi waliyyi a ranar ba. Ta yi masa Misa kamar kowane mai zunubi. Sai bayan shekaru Dayosis na Musoma ya buɗe binciken rayuwarsa, bincike irin wanda ake sauraron masu yabo da masu ƙara. In an yi wa mutum kamar Nyerere wannan haƙuri, kada mu yi saurin raba Aljanna a dandalin jana'iza.

Rami na biyu shi ne murnar mugunta. Wannan ya fi kusa da wanda aka zalunta. Akwai a cikinku waɗanda suka rasa aiki, ko gona, ko ɗa, a zamanin wani shugaba, har zuciyarsu ta ce gara da ya tafi. Allah ya san wannan ciwo, Ikilisiya kuma ba ta ce ku yi kamar ba ya nan ba. Amma ku tuna da Dawuda. Saul ya jefe shi da mashi, ya farauce shi cikin jeji, ya sa aka kashe firistoci 85 na Nob. Da labarin mutuwar Saul ya zo, Dawuda ya kyakketa tufafinsa, ya yi kuka da azumi har maraice, daga baya ya sa wa mutanen Yabesh-gileyad albarka domin sun binne shi. Dawuda bai manta da mashin ba. Ya dai bar shari'a a hannun mai ita. Yi wa mamaci addu'a ba ya nufin ka ce ya yi daidai. Yana nufin ka miƙa shi, da dukan ƙararka a kansa, ga Alƙalin da ba ya karɓar toshiya. Mai bi yana da 'yancin faɗin gaskiyar abin da ya faru, a rubuta ta, a koya wa yara, a nemi hakkin waɗanda aka cuta. Abin da ba shi da izini shi ne ya yi fatan hallakar ran wani.

In shugaban Musulmi ne fa? Majalisar Batikan ta Biyu, a 1965, ta bayyana cewa Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, domin suna sujada ga Allah ɗaya, suna kuma sauraron ranar shari'a. A cikin Misa muna roƙo domin 'yan'uwanmu da suka yi barci cikin begen tashin matattu, muna kuma roƙo domin sauran matattu duka, waɗanda Allah kaɗai ya san zuciyarsu. Saboda haka ba abin da ya hana ka roƙa wa tsohon shugaba Musulmi jinƙai, ko ka je wa maƙwabcinka gaisuwar ta'aziyya. A garuruwanmu, inda rijiya ɗaya muke sha, wannan gaisuwa tana ɗinke abin da siyasa ta yaga.

Abu na ƙarshe, kada saukar tuta ta sa mu manta da waɗanda ba a sauke wa komai ba. Muna tuna masu sujada da bam ya kashe a majami'ar Waliyya Tereza a Madalla ranar Kirsimati, 2011, da na majami'ar Waliyyi Fransis a Owo ranar Fentikos, 2022. Muna tuna mutanen ƙauyukan Kudancin Kaduna, da Filato, da Zamfara, da Barno, Kirista da Musulmi, waɗanda aka binne a kabari ɗaya, da waɗanda ba a ga gawarsu ba. Tobit ya sa ransa cikin haɗari domin ya binne gawawwakin da sarki ya yar a bayan ganuwar Nineba, Allah kuwa ya lissafa masa. Ƙasar da take kuka domin shugaba ɗaya, tana shiru a kan talakawa ɗari, makokinta bai cika ba. Aikin Ikilisiya ne ta cika shi.

Don haka, 'yan'uwa, duk ranar da aka yi shelar makokin ƙasa, kada hutun ya ƙare a hira da gardama kawai. Kowane gida ya yi Rosari, ya ambaci sunan shugaban da ya rasu, ya haɗa da waɗanda suka mutu a zamaninsa ba wanda ya san sunansu. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su nemi a yi Misa da wannan nufi. A addu'ar masu bi a roƙa wa shugabanni masu rai tsoron Allah, tun da sauran lokacin tuba a gabansu. Kowannenmu kuma ya dubi 'yar kujerarsa, ko ta maigida ce, ko ta shugaban makaranta, ko ta mai unguwa, gama a kanta za a tambaye shi.

Ya Allah, mai mulkin rayayyu da matattu, ka ji ƙan waɗanda suka shugabanci ƙasashenmu, ka sāka musu alherin da suka yi, ka gafarta abin da suka ɓata. Ka share hawayen waɗanda aka zalunta, ka karɓi waɗanda suka mutu ba mai rakiya. Ka ba mu zuciya mai faɗin gaskiya ba tare da ƙiyayya ba, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.