Ba Kowane "Zuba Kuɗi" Ne Hannun Jari Ba

Jama'ar Gwarzo da Kabo, a yi hattara. Wata ɓarna tana bin gidaje da majalisu, kuma ba baƙo ke kawo ta ba. Ɗan'uwa ne ko abokin makaranta, ya zauna kusa da kai, ya buɗe waya ya nuna maka lambobi suna hawa, ya ce: "Yaya, ka sa dubu hamsin kawai, wata ɗaya ta zama ɗari." Sunanta wai hannun jari. Ƙarya ne.

Wanda bai taɓa shiga harkar ba shi ake farauta, domin bai san ina ƙofa take ba. Manomi ya sayar da masara a kasuwar Getso, matar aure a Garo ta kwashi adashinta, ɗalibi ya taɓa kuɗin rajista, duk a miƙa wa wanda ba a san ofishinsa ba. Ribar da ake biyan na farko kuɗin na baya ne. Ranar da sababbi suka daina shigowa, ranar wayar ke yin shiru.

Mun ga haka. Harkar zuba kuɗi ta MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX, mai alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025, mutane suna kuka a bakin ofisoshinta. Me ya rage mu gani?

Hannun jari na gaskiya yana da hanya. Kasuwarsa NGX ce da ke Legas. Ana saye ta hannun dillali mai rajista da hukumar SEC, a buɗe maka asusun CSCS da sunanka, ka mallaki wani yanki na kamfani sananne, irin su Dangote Cement, BUA Foods ko bankin Jaiz. Farashi yana hawa, yana sauka. Riba sai kamfani ya ci, galibi sau ɗaya ko biyu a shekara, wata shekarar ma babu. Ba mai ce maka ka kawo mutum uku. Abin takaici, ɗan Gwarzo, Mounir Gwarzo, aka naɗa shugaban hukumar SEC a 2015, amma yau 'yan garinsu ake yaudara da sunan abin da take sa wa ido.

Kai kuma mai jawo mutane don ɗan kamashon da ake jefa maka, ka ji tsoron Allah. Kada ka ce kai ma cutarka aka yi. Da bakinka gwaggonka ta yarda ta sayar da akuyarta. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu wannan sana'a.

Limamai, masu unguwanni da malaman makaranta, ku faɗa a masallaci da wajen suna: kafin kowa ya fitar da ko sisi, ya nemi shaidar rajistar SEC. In babu, ya riƙe kuɗinsa.