Rijiya Ta Ba Da Ruwa, Kada Guga Ya Hana

Ya kai mai karatu, ga tambayar da nake so mu yi nazari a kai. Idan malamin jami'a ya ƙara wa ɗalibi makaho lokaci a jarrabawa, ko ya sauko da laccarsa daga bene saboda gurgu guda ɗaya, shin alfarma ya yi, ko kuwa hakki ya bayar? Kuma bai zalunci sauran ɗalibai ba?

Ni mutumin Jibiya ne, mu kuwa mutanen bakin iyaka babu abin da za a gaya mana game da shinge. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakar Nijeriya, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Ga hanya nan shimfiɗe daga Magama zuwa Ɗan Isa har Maraɗi, ga dangi can, amma ƙarfe guda a gicciye ya hana ka wucewa. To haka nakasasshe yake ji a jami'a. An ba shi gurbin karatu, amma ajin yana hawa na biyu, ko malam ya cika allo da rubutu yana cewa "ku dubi nan", ko ya juya wa kurma baya yana ta bayani.

Ba za a ce ba a yi komai ba. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, wa'adin kuwa ya cika a 2024. Hukumar JAMB ma tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawarsu. Ke nan yaron da ya fito daga Jibiya yana iya samun shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko ta Dutsin-ma, ko ta Bayero a Kano. Rijiya ta ba da ruwa. Saura guga, wato malamin da ke tsaye gaban aji.

Wani zai ce, ai adalci shi ne a yi wa kowa daidai, awa biyu ga kowa, takarda iri ɗaya ga kowa. Maganar tana da daɗin ji, amma mu koma bakin iyaka. Ma'aikacin kwastan kaya yake dubawa. Ko a tirela aka ɗauko su, ko a babur, ko a bayan jaki, kayan su ne abin bincike. Haka jarrabawa take, ilimin da ke cikin kai take aunawa. Makahon da ake karanta wa tambaya, ko yake laluben ta da yatsa a rubutun makafi, dole ya fi mai ido cin lokaci. In ka hana shi ƙarin rabin awa, idonsa ka auna, kansa kuwa ba ka taɓa ba. Wannan shi ne mudu ɗaya mai tauye wani.

Amma fa akwai iyaka, don ni ba na tare da malamin da tausayi zai sa ya ba nakasasshe makin da bai ci ba. Wannan fasa-ƙwauri ne, an tsallake da takardar shaida babu kaya a ciki. Ranar da ya je neman aiki asiri zai tonu, a ce ai daman su ba sa iyawa, ya shafa wa 'yan'uwansa kashin kaji. A sauƙaƙa masa hanya, kada a rage masa kaya. In ya faɗi, a bar shi ya faɗi kamar kowa, wannan ma girmamawa ce.

Abin da ake nema ba mai yawa ba ne. A ba makaho takardun darasi da wuri a waya ko kwamfuta mai karanta masa, a bar shi ya ɗauki muryar malam. A zaunar da kurma a gaba, a nemo masa tafintan maganar hannu. A mai da laccar gurgu ajin ƙasa. Mafi yawansu ko kwabo ba a kashewa, sai dai malam ya tambayi ɗalibinsa tun makon farko, "Me zai taimake ka?"

Mu tuna, saboda makaho guda, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo neman ilimi, aka saukar da farkon Suratu Abasa. Daga baya ya zama ladani, har Manzon Allah (SAW) yakan bar masa Madina idan zai yi tafiya. Don haka ni a ganina hakki ne, kuma bashi ne a wuyan malam. Mai ido a yau bai san da me zai wayi gari ba.

Allah Ya ba malamanmu ikon sauke nauyi, amin.