Haƙƙin Baƙon da Ba Ya Kawo Tsaraba

A watan Maris, sa'ad da zafin bazara ya fara ƙarfi, fadamun Haɗeja da Nguru sukan cika da masu shirin tafiya. Agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen da suka guje wa sanyin Turai tun wajen Oktoba suna ta ci ba ƙaƙƙautawa, gama kitsen da suka tara shi ne guzurinsu na ƙetare Sahara. Waɗansu ƙananan sukan kusan ninka nauyinsu kafin su tashi. A Dagona, cikin ƙasar Bade, akan ga mutum tun da asuba riƙe da tabaron hangen nesa, yana dubansu, yana rubutu. Mai wucewa yakan ce wannan ya rasa aikin yi.

Bahaushe ba ya taɓa shamuwa. Takan yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari, yaro ba ya jifanta, domin zuwanta albishir ne na damina. Ashe ladabin da ake yi mata tukuici ne. To, baƙon da ba ya kawo albishir, ba ya kawo tsaraba, sai dai ya ci ya sha ya tashi, yana da wani haƙƙi a kan masu masauki?

Tambayar ba ta wasa ba ce. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ambaliyar da ke ciyar da fadamun ta ragu, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Manomin rani na Kadawa da ke ban ruwa daga Tiga bai yi laifi ba, iyalinsa yake ciyarwa. Masu kare tsuntsaye sukan amsa cewa ruwan da agwagwa take bukata shi ne na masunci da makiyayi. Gaskiya ne, amma hujja ce mai ƙafa ɗaya: ranar da amfanin mutum ya rabu da na tsuntsu, shi ke nan ta faɗi.

Mai tabaron nan bai tsaya kan wannan hujja ba. Ba zai ci naman ba, ba zai sayar ba, tsuntsun ma bai san da shi ba. Duk da haka ya ɗauki ran halittar a bakin wani abu, har yana damuwa ko za ta kai gaɓar Bahar Rum. A ƙarshen Afrilu yawancinsu sun tafi. Yakan rufe littafinsa, ya jira Oktoba ya ga nawa za su komo, da kuma ko za su tarar da ruwa.